Ingilishi bai mulki Bengu ba, to ta ina ya shigo rubutunmu?

Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da abin da ya faru a gabana.

Bara, bayan an gama girbi, matasan unguwarmu nan Bengu suka yi karo-karo za su gyara wata tsohuwar rijiya da ta rufta. Ɗan ƙanwata ne sakataren ƙungiyar. Yaro ne mai natsuwa, a Najeriya ya yi sakandare wajen dangin ubansa, don haka Ingilishi ya zauna masa a baki fiye da Faransanci. Da aka tashi daga taro sai ya rubuta bayani ya tura wa kowa ta WhatsApp. Cikin bayanin akwai jimlar da ta ce: "An karɓi kuɗin daga ma'aji ranar Laraba."

Ni na karanta wa yayan mahaifina saƙon, don shi ajami ya sani, boko bai dame shi ba. Ina kawowa wurin nan sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tsaya ɗana. Wa yak karɓe su gare shi? Ba mu munka ba shi ajiya ba?" Na ce, "Baba, haka dai aka rubuta." Ashe ba shi kaɗai ya ji haka ba. Kafin magariba magana ta zaga unguwa, wai an ƙwace kuɗin rijiya daga hannun ma'aji, wasu har suna cewa ai da ma ba a yarda da shi ba. Bawan Allahn nan ya kwana biyu bai fito fada ba don kunya. Da aka kira yaron, ya rantse abin da yake nufi shi ne ma'aji ne ya karɓi kuɗin, suna nan hannunsa, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Ya ce mini, "Wallahi Kawu, da Ingilishi na fara tsara ta a kaina, sannan na juya."

Nan gizo yake saƙa. A Ingilishi kana iya sa abin da aka yi wa aiki a gaba, ka jefa mai aikin can ƙarshen jimla, ka riƙe shi da wata ƴar kalma. Hausa ba ta da wannan gini. In ka ce "an karɓa", to ka ɓoye mai karɓar ke nan gaba ɗaya. In kana son a san shi, gaba kake sa shi: "Ma'aji ya karɓi kuɗin", ko "Ma'aji ne ya karɓa." Ita kuwa "daga", aikinta ta nuna inda abu ya fito. Kowace kalma a jimlar yaron nan Hausa ce tsantsa, amma ƙirar da ya zuba su ciki ta Ingilishi ce, shi ya sa ma'anar ta kife.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: mu dai Faransa ce ta mulke mu. Lakwal muka shiga, mushe ya koyar da mu, a wajenmu in an ce Turanci ma sai ka tambaya wanne. To ta wace ƙofa ginin jimlar Ingilishi ya shigo rubutun da muke yi kullum, har ga waɗanda ba su taɓa karatu a Najeriya ba? Amsar tana da tarihi, kuma ya fi shekara 100.

KAFIN A JA IYAKA

Yankin nan namu hanya ce tun fil'azal. Gishirin Fogha da kakanninmu suke dafawa yana shiga Kabi, yana gangarawa Ilo da Bargu. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro ta ƙasar Dandi suke bi su ƙetare kogin Kwara. Bajamushen nan Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya ratsa ta Dallol Fogha a 1853 zai tafi Say, ya kuma rubuta yadda ya ga ana aikin gishiri. Inda duk kasuwa take haka, harsuna sai sun gauraya: Hausa, Dandanci, Zabarmanci, Fulatanci, ga kuma Kyanganci na tsofaffinmu.

Rubutu a lokacin na malamai ne, da Larabci ko da ajami. Kuma a lura, Larabci ya riga Ingilishi taɓa ginin Hausa. Kalmomi irin su "amma" da "saboda" da "lokaci" daga can suka samo asali, ga su yau ba mai iya haɗa magana doguwa ba tare da su ba. Tsarin wasiƙa ma, a fara da sallama, a ce bayan gaisuwa, sannan a shiga magana, gadon malamai ne. Ke nan aro ba baƙon abu ba ne ga Hausa.

Sai Turawa suka zo da taswira. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sake zama, suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato suka ce cikinta na Ingila ne. Faransawa suka ga an bar su ba hanya mai ruwa zuwa Damagaram, aka sake gyara a 1904 da 1906. Daga nan Kyaftin Tilho na Faransa da takwaransa na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu, daga bakin Kwara har Cadi, tsakanin 1906 da 1908. Haka Bengu da Gaya suka faɗa hannun Faransa, Kamba kuwa, ga ta nan kusa, ta faɗa hannun Ingila. Wanda ya san Dole-Kaina ya san yadda layin ya ratsa gari guda ya raba shi biyu. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, Hausa ɗaya mai "munka" da "sunka". Makaranta ce ta bambanta.

ƘIRAR DA AKA YI A ZARIYA

Faransawa sun ce harshen lakwal Faransanci ne kawai. Yaro ya yi Hausa a aji ma laifi ne, balle a koya masa rubuta ta. Ingilishi kuwa sun zaɓi su yi mulki da Hausa. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fito da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, a 1933 ta koma Hukumar Talifi a Zariya, Rupert East na shugabanta. A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito. Cikin shekarun nan na 1930 ne aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da muke fama da nemansu a waya yau.

Ka ga sakamakon. Wajen shekara 50, kusan duk Hausar boko da aka buga a injin ɗab'i daga ɓangaren Ingilishi ta fito. Mu nan ba mu da tamu. Duk ɗan Bengu da ya koyi karanta Hausa da boko a zamanin, to littafin Zariya ya riƙa, ko jaridar da wani ya shigo da ita daga Kamba ko Argungu.

Sai dai a yi adalci, mutanen farko sun iya aikinsu. East ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta labaran ƙirƙira da Hausa, gasar 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan nan Imam ya rubuta Magana Jari Ce. Labarai da yawa a cikinsa daga littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya aka ɗebo su, amma ka karanta wa tsohuwa a tsakar gida ba za ta taɓa jin ƙamshin baƙunta ba. Dalili kuwa Imam labarin yake ɗauka, ya ajiye jimlar mai shi, ya sake faɗa da bakinsa. Wannan darasi ne babba: fassara ba dole ta zo da ƙirar harshen da aka fassara ba, in mai yinta ya san Hausa kuma yana da lokaci.

Lokacin ne ya fara ƙaranci da zuwan jarida. A watan Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya, Imam ne editanta na farko, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Shi kansa "kwabo" daga Ingilishi aka aro shi. Wata takwas bayan haka yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Labaran yaƙi, sanarwar gwamnati, dokoki, bayanin haraji da na kiwon lafiya, duk da Ingilishi suke zuwa, a juya su da sauri a kai wa masu ɗab'i. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, cikin shekarun 1950 kuma aka yi Yaƙi da Jahilci, dubban manya suka koyi karatu da irin waɗannan takardu. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa. Ita ta fi mai da hankali ga ƙa'idar rubutu da tantance kalmomin aro. Kalma kuwa abu ce mai sauƙin kamawa, kowa ya ga "asibiti" ko "mota" ya san baƙuwa ce. Ginin jimla shi ba ya nuna kansa, don da tufafin gida yake shigowa.

REDIYO BA YA TSAYAWA A DUWAN

Jarida sai an ɗauko ta an ƙetaro da ita, kuma sai mai karatu. Rediyo ya kawar da wannan duka. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara watsa shiri da Hausa. Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. RFI ta Faransa ba ta buɗe sashen Hausa ba sai 2007, shekara 50 cif bayan BBC. Duk wanda ya tashi a Bengu ko Bana ko Tunuga ya san dattijo da akwatin rediyo a kafaɗa, ya san shirun da ake yi in an fara labaran duniya.

Akasarin labaran nan da Ingilishi ake fara rubuta su, mai fassara yana da ƴan mintoci kafin a kunna masa fitila. Babu lokacin da zai yi irin ta Imam. Sai ya bi jimlar yadda ta zo, yana sauya kalma da kalma. A haka kunnuwanmu suka saba da wasu abubuwa da kakanninmu ba su faɗa.

Bahaushe ya kan faɗi magana ya rufe da "in ji wane". Rediyo ya koya mana buɗewa da "a cewar wane". Bahaushe ya ce "mutum goma sun rasu", labarai suka ce "mutane goma sun rasa rayukansu". Da can "shekara goma", "kwana uku", "buhu biyar" ake cewa, suna ya zauna a tilonsa tunda lamba ta riga ta nuna yawa. Ingilishi dole ya jam'inta, sai ga "shekaru goma" da "kwanaki uku" sun cika rubutu. "Ɗaukar mataki" ta zo, "taka muhimmiyar rawa" ta zo. Ita wannan ta ƙarshe daga dandalin wasan kwaikwayo Turawa suka samo ta, a Hausa kuwa taka rawa sai da kiɗa. Na tabbata dattijon farko da ya ji an ce alƙali ya taka rawa wajen sasanta rikici sai da ya riƙe baki.

Wanda ya fi duka nauyi shi ne jimla mai dogon ciki. Saurara: "Shugaban ƙungiyar manoman yankin, wanda ya zanta da manema labarai jim kaɗan bayan kammala taron da aka gudanar a jiya, ya bayyana cewa za a raba iri." Kafin ka kai ga aikin da shugaban ya yi, ka manta da wa ake magana. Bahaushe bi da bi yake jera abu yadda ya faru: "Jiya aka yi taro. Da aka tashi, shugaban manoma ya gaya wa ƴan jarida za a raba iri." Ba abin da ya ɓace, kuma kurma ne kawai zai ce a maimaita.

A nan dole in faɗi wata gaskiya. Faransanci ma yana da irin waɗannan gine-gine, yana jefa mai aiki ƙarshen jimla, yana cusa bayani a tsakiya, shi ma yana da tasa "rawar". Labaran Hausa na Muryar Sahel daga Faransanci ake juyo su. Don haka ɗan lakwal da ya ji wannan salo daga Landan ko Kaduna bai ji baƙon abu ba, ya dace da abin da mushe ya koya masa. Turanci biyu ne suka haɗu suka danne abu guda, sai kowa ya ɗauka haka Hausar masu ilimi take.

NAMU ƘOƘARIN A NIJAR

Bayan samun ƴanci a 1960 ba a zauna haka nan ba. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yaro ke fara karatu da harshen uwa. A 1980 masanan Nijar da na Najeriya suka zauna a Yamai don rubutun Hausa ya zama bai ɗaya a ƙasashen biyu. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fito da dokar ƙa'idar rubutun, shi ya sa mu muke rubuta ƴ mai lanƙwasa inda Najeriya ke sa ɗan waƙafi gaban y. A 2001 aka yi dokar da ta amince da harsunan ƙasa guda 10.

Duk wannan aiki ne mai kyau, amma haruffa ya gyara, kuma bai isa ga yawancinmu ba. Mu nawa ne a Bengu aka taɓa zaunar da mu a aji aka ce yau ga yadda ake rubuta Hausa? Shi ya sa in ɗan lakwal zai rubuta saƙo sai ka ga "ina kouana", "tchikin gari", "mou djé". Sunan garinmu ma haka yake a allon bakin hanya, da "ou" a ƙarshe. Haruffa na Faransa ne. Jimla kuwa, mutum daga abin da ya saba karantawa yake kwaikwayonta, kuma abin karatu da Hausa daga gabas yake zuwa mana. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, daga 1990 finafinan Hausa suka biyo. Marubutansu ƴan makarantar Ingilishi ne, wasu ma da gangan suke gauraya harsunan biyu, abin da Kanawa ke kira Ingausa.

ZAMANIN WAYA

Da can mutum sai ya shekara bai rubuta wasiƙa uku ba, in zai rubuta ma wajen mai rubutu yake zuwa. Tun da wayar salula ta bazu, farkon shekarun 2000, kowa ya zama marubuci. Ɗan kabu-kabu na rubutu, mai sayar da shinkafa na rubutu, amarya na rubutu. Mu na bakin iyaka kuma shafukan Facebook na Kano da Kaduna da Sakkwato muke bi kamar namu. A ƙarshen 2013 Google ya sa Hausa cikin injinsa na fassara, sai ga wata sabuwar Hausa wadda ba bakin mutum ne ya furta ta ba, ana kwafowa ana mannawa a sanarwa da talla.

Duba wayarka yanzu, za ka ga irin waɗannan.

Za ka ga "wani" da "wata" gaban kowane suna, don Ingilishi ba ya barin suna tsirara: "Na sayi wata riga da wani takalmi a wata kasuwa." A Hausa "wani" yana da nauyi. In ka ce "wani mutum ya zo", kana nufin akwai labari a kansa. In riga kawai ka saya, "na sayi riga" ta wadatar. Haka "ɗin" da ake liƙawa ko'ina, da "kuma" da ake sawa tsakanin kowane aiki biyu: "Ya zo kuma ya zauna kuma ya ci abinci." Mu "ya zo ya zauna ya ci abinci" muke cewa, ayyukan suna riƙe da juna ba sai da igiya ba.

Za ka ga "Gaya tana ɗaya daga cikin mafi girman garuruwa a jihar Doso." Hausa da aikatau take gwada abu, ta ce wannan ya fi wancan, ko ta ce "Gaya na cikin manyan garuruwan jihar Doso." Za ka ga ɗan kasuwa ya rubuta "3 buhu" alhali da bakinsa "buhu uku" zai ce.

Za ka ga gaisuwar da ba a taɓa yi a ƙofar gidan kowa ba: "Yi rana mai kyau", "Yi tafiya mai kyau." Ina aka kai "mu wuni lafiya" da "Allah ya kiyaye hanya" da "a sauka lafiya"? Za ka ga "zan kira ka baya", "zan dawo gare ka", "na gode don zuwa". Za ka ga "a ƙarshen rana" inda ake nufin "daga ƙarshe", ba maganar faɗuwar rana ake ba. Za ka ga "a ɗaya hannun" ba tare da an ambaci hannun farko ba. "Ina da ciwon kai" ta maye gurbin "kaina na ciwo". Amma "ina da shekara 20" a madadin "shekarata 20", wannan kada a ɗora wa Ingilishi, Faransanci ne ke faɗin shekaru haka. Kowa da kayansa.

Akwai kuma asarar da ba a gani, don abu ne da ya daina bayyana. Hausa tana jawo kalmar da ake jayayya a kanta ta sa ta gaba. "Jiya ya biya" amsa ce ga mai tambayar yaushe. "Shi ya biya" amsa ce ga mai tambayar wa. "Jika biyar ya biya" amsa ce ga mai tambayar nawa. Ingilishi a rubuce ya fi son jeri ɗaya, mai aiki, aiki, abin da aka yi wa. Wanda ya saba da shi sai ya rubuta "ya biya jika biyar jiya" a duk hali ukun, mai karatu ya rasa abin da ake son ya riƙe. A maganar bashi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

TO MI YA KAMATA?

Ni ba na cikin masu cewa a kori duk abin da ya zo daga waje. Ba zai yiwu ba, kuma ba a taɓa yi ba. "Amma" da "saboda" baƙi ne jiya, yau su ne ƴan gari. "Ɗaukar mataki" da "a cewar" sun zauna, Baba ma da bai shiga lakwal ba yana gane su sarai, rediyo ya koya masa. Yaƙi da irin waɗannan ɓata lokaci ne.

Inda nake jan hankali shi ne aron da ke juya ma'ana, ko ya ɓoye wanda ya yi aiki, ko ya sa mai sauraro ya ɓace a tsakiyar jimla. Kuma yanzu maganar ta wuce ta saƙon waya. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Mutane na da ra'ayi daban-daban a kan wannan, musamman a yanki irin namu mai harsuna da yawa, kuma ba ita ce maganata yau ba. Abin da nake hange shi ne takardu za su ƙara yawa da Hausa, kuma akasarinsu daga waɗancan harsuna biyu za a juyo su: takardar gona, sammaci, sanarwar rigakafi, bayanin yadda ake shan magani, yarjejeniyar bashin taki. Su wa za su juya? Ƴaƴanmu ne, irin ɗan ƙanwata. In jimla guda a kan kuɗin rijiya ta hana mutum fita kwana biyu, a ƙiyasta takardar gona da aka rubuta "an sayi gonar daga wane" alhali wane ɗin shi ne mai saye. Wannan shari'a ce ta jikoki.

Maganin ba ya bukatar digiri. Kafin ka tura rubutu, karanta shi da ƙarfi, ka tambayi kanka ko haka za ka faɗa in kana tsugune gaban mahaifiyarka. In fassara kake yi, karanta jimlar Bature har ka gane, ka kife takardar, sannan ka faɗi abin da ta ce da bakinka, yadda Imam ya yi. Ka tabbata kowace jimla ta nuna wa ya yi, mi ya yi, wa aka yi wa. In ta yi tsawo, yanka ta biyu. Malaman makaranta da masu aikin gidajen rediyon karkara, ku ne kuka fi kowa iko a nan, don abin da yara suka ji daga gare ku shi suke ɗauka daidai.

Game da rijiya, an gyara ta kafin bazara. Yaron ya je har gida ya ba ma'aji haƙuri, ya sake tura saƙo cewa ma'aji ne ya karɓi kuɗin kuma suna hannunsa. Yanzu duk bayanin taro sai ya karanta wa kakarsa kafin ya tura. Ranar nan na ji tana ce masa, "Sake faɗi, ɗan nan. Wa yac ce a zo, wa za ya zo?" Ya goge ya sake.

Allah ya sa mu dace. A gaida mutanen Gaya da Tanda da Yelu, da ƴan uwa na Kamba.